Awon Yatsa Uku

Baba Jatau ba ya auna albarushi da cokali.
Cokali, in ji shi, na masu shayin Gangare ne.
Yakan karkata ƙaho a bakin adaka,
ya cusa ɓawon rama, ya danna da sanda,
sannan ya jera yatsu jikin abin da ya leƙo.
Uku. Ko ƙwayar gero ba ƙari.
Ukun nan kuwa su suka rage masa a hagu.

Sauran biyun suna can Dutsen Shere
tun shekarar da ruwa ya cinye ramin kuzarsu,
ranar da ƙuruciya ta raɗa masa:
ƙara mana, ai barewar da nisa.
Ya ƙara.
Bindiga ta tsage kamar rake a bakin yaro,
barewa ta wuce da ƙafafunta huɗu cif.

Dalma a Dilimi muke samo ta,
wajen Mato mai fasa mataccen batir.
A narka a gwangwanin tumatir, a zuba, a jira.
Baba ya riƙa mirgina kowace a faranti yana saurare,
wadda ta yi ɗingishi ta koma wuta.
Cikin goma sha ɗaya, huɗu ya ɗauka.

Na ce, Baba, Itse na Fobur da tsaki yake ɗuri,
guntun ƙusa, 'ya'yan boris na keke,
ko makaho ya harba sai ɗaya ta samu.
Ya daɗe yana sosa dungun hannunsa.
Ya ce, ta samu me?
Na taɓa tsintar gada a bakin kogo,
cinya ta kumbura, ƙusa a ciki, ƙudaje na biki.
Ta kwana huɗu tana mutuwa,
ba wanda ya ci sai ungulu.
Tsaki na zabo ne da fakara.
Mai kofato ƙwaya ɗaya ake mata, bayan kafaɗa,
in ba za ka iya ba, bar ta ta sha ruwanta.

Mun fita kafin kiran assalatu, ƙarshen damina,
sanyin Jos na cizon kunne,
ƙahon a hammatata don kada raɓa ta lashe shi.
Gidajen bulo sun hau har inda ya ce da can kurmi ne.
Muka wuce gonar dankali, muka wuce kerana,
karen wani ya raka mu da zagi.

Ni na yi ɗurin.
Hannunsa nake kallo, ba sanda ba,
sai tsoro ya rage mini awo:
yatsa biyu da ɗan abin da ba a rasa ba.
Ya gani. Bai ce uffan ba.

Ta fito daidai lokacin da dutse ya fara ja,
ƙarama, tana taka ciyawa kamar mai gudun tada barci,
kunne ɗaya gare mu, ɗaya ga iska.
Na ja kunama.
Hayaƙi, warin ruɓaɓɓen ƙwai, tari.
Dalmar ta gaji a hanya,
ta faɗi kan fa, taku bakwai kafin inda take.
Tsalle biyu, sai ganye ke kaɗawa.

Na tsaya jiran faɗa.
Baba ya tafi a hankali, gwiwa na ƙara,
ya duƙa, ya tono ta, ta baje kamar tsohon kwabo,
ya hura, ya jefa a aljihu.
Ya ce, wannan ai sai a sake narka ta.
Ya kama hannuna, ya ƙirga: ɗaya, biyu, har biyar,
ya sake shi.

Muka sauko ta Lamingo babu nama.
A bakin titi ya sayi ƙosai na ɗari biyu,
ya ba ni uku, ya ci biyu.